Tsakanin Banga da Ban Ga

A gidanmu ni ce tafinta. Baba ne ya laƙaba mini sunan tun ban kai shekara bakwai ba, kuma ya bi ni har na girma. Shi Bahaushe ne daga Karakara, manomin gero da fari ya koro zuwa bakin kogi tun yana saurayi. Inna kuwa 'yar Gaya ce gaba da baya, Dandanci ta sha a nono, ubanta masunci, kakanta masunci. Hausarta ta kasuwa ce, wadda ta isa a sayar da bandar kifi a rabu lafiya. Dandancin Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, in ya fara sai matan unguwa su rufe baki da gefen zane.

In suna zaman lafiya ba su bukatata. Amma da rai ya ɓaci, kowa sai ya koma harshen uwarsa, Baba ya juyo ya ce, “Tafinta, mi uwarki ta ce?” Ni kuma in fassara yadda na ga dama. In Inna ce ta hana ni zuwa wasa ranar, sai in ƙara gishiri. In Baba ne ya yi mini faɗa, sai in sassauta nata in kaifafa nasa. Da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, na ƙara da Faransanci, harshe uku a baki ɗaya, sai kaina ya kumbura. Ban taɓa rasa abin faɗa ba, kuma duk unguwa an san ni da haka.

Kakana na wajen uwa shi ya koya mini halin dorina. Tsoho ne siriri mai taurin hannu, yana zama ƙarƙashin mangwaro yana gyaran taru, yana kirana amarya. Da Dandanci yake magana, kuma a Dandanci sunan dorina banga, ana faɗinsa ta hanci.

“Banga ba ta cin nama, amarya,” in ji shi. “Ciyawa take ci kamar saniya. In ta kashe mutum ba yunwa ba ce, tsoro ne ko fushi.”

Ya ce abu uku ke sa ta faɗa wa mutum, ko da yake in ya fara lissafi sai ya wuce ukun. In ruwa ya janye da bazara suka matsu a gurbi ɗaya, ransu a ɓace yake. In namiji ya sha kashi a hannun ɗan'uwansa aka kore shi daga garke da rauni a jiki, duk abin da ya gifta gabansa abokin gaba ne. In ka tarar da ita a tudu ka shiga tsakaninta da ruwa, ka tare mata hanyar gida, za ta bi ta kanka. Ya ce kada ƙibarta ta ruɗe ni, a guje ta fi ni sauri, sai dai in nemi bishiya ko suri in kewaya. In na ga ta wage baki kamar mai hamma, ba barci take ji ba, haƙora take nuna mini. In ana cikin jirgi a riƙa buga gefensa da filafili, don ta ji tafe ake ta kauce, domin ba ta son a zo mata ba sallama.

“Amma mai jariri,” ya ce, ya ajiye tarun ya dube ni, “wannan ba ta da magani. Ko ka buga jirgi ko ka buga ganga. Ka gan ta, ka koma inda ka fito, ko da tuwonka na can ƙetare yana hucewa.”

Na tambaye shi me ya sa yanzu suke yawan fitowa kusa da mutane. Ya nuna mini bakin kogin da haɓarsa. Ya ce duk inda nake ganin shinkafa da albasa, yana yaro ciyawar burgu ce har iyakar gani, nan suke kiwo. Mun nome musu akushi, sannan muna mamakin ganinsu a gona.

Baba yana cikin waɗanda suka nome akushin, kuma ba don mugunta ba. Kaka ya ba shi fili a wani gungu da ke tsakiyar ruwa, ƙetaren wani ɗan reshe na kogin, yana shuka shinkafa. Mutumin tudu ne, ya koyi tuƙin jirgi da girmansa, iyo kuwa bai taɓa iyawa sosai ba. Amma mai kiyayewa ne. Duk abin da Kaka ya gaya masa ya riƙe. Jirginsa ma har ya yi ƙwarmi a gefen dama, wurin da yake bugawa.

Akwai wani abu game da wurin nan. A gefenmu gaɓar tana da tsawo, nan mata ke wanki da gyaran kifi, kuma daga can sama ana hango reshen duka har bayan kwanar da dogayen ciyayi suka rufe. Wanda ke gungu kuwa a ƙasa yake, ba ya ganin komai sai ciyawa. Saboda haka kullum in Baba zai dawo da hantsi, sai ya tsaya a bakin ruwa ya kewaye baki da hannu ya ƙwala kira.

“Kun gan ta?”

Inna ta miƙe daga kan wanki, ta kare rana da tafin hannu, ta duba sama da ƙasa, ta amsa.

“Ban ga!”

Haka take faɗa, ban ga, ta tsaya nan. Baba ya yi shekaru yana fama da ita a kan wannan. In ya iso ya ɗaure jirgi sai ya ce, “Ke dai ba ki ƙarasa magana. Ban gan ta ba, aka cewa. Ina sauran? Kin bar shi kasuwa?” Ita kuma ta ce ranar da ya iya gaida ubanta da Dandanci ba tare da kaji sun watse ba, ranar za ta ƙarasa. Suna wannan kusan kowace safiya, har na daina jin dariyarsa. Yanzu da zan sami wanda zai maimaita mini shi sau ɗaya, da na ba shi duk abin da na mallaka.

Shekarar da na cika goma sha shida, ina kwaleji. Lokacin yankan shinkafa ne, ranar babu lakwal, na bi Inna wanki ina ta ƙunƙuni don na fi son in zauna da littafina. An yi kwanaki ana cewa an ga wata dorina da jariri can sama da mu, wajen da masunta ke kafa taru, amma ba wanda ya gan ta a reshenmu. Baba ya ƙetare da sassafe lafiya lau.

Da hantsi muka hango shi ya loda dammunan shinkafa a jirgi har jirgin ya nutsa sosai. Ya tsaya inda ya saba, ya kewaye baki da hannu.

“Kun gan ta?”

Inna ta miƙe, ni ma na ɗaga kai. Tare muka gan ta. A bayan kwanar nan, daidai inda jirgi ke bi, kunnuwa biyu ƙanana suna kaɗawa a kan ruwa, a gefensu kuma wani ɗan baƙin abu kamar tulun da aka kife, yana nutsewa yana tasowa. Jaririn ke nan.

Zanen da ke hannun Inna ya faɗi. Ta ɗaga hannu biyu tana kaɗawa, ta ƙwala ihu da iyakar ƙarfinta.

“Banga! Banga!”

Baba ya san kalmar. Wannan nake so a gane, domin daga baya an yi ta cewa wai bai san ta ba. Mutumin da ya shekara ashirin a Gaya ya san banga. Amma tambaya ya yi, kuma kunnensa na jiran amsar da ya saba ji kowace safiya, ga faɗin ruwa, ga iska. Hannuwan da take kaɗawa ma sun yi kama da na mai cewa babu. Na ga ya yi dariya. Na ga haƙoransa daga inda nake. Ya ɗaga filafili ya nuna ta da shi, irin na zan zo in same ki, ya tura jirgi.

A take na gane abin da ya faru. Ban yi shakka ba ko kaɗan, na san abin da ta ce, na san abin da ya ji. Aikina ke nan tun ina ƙarama. Kalma ɗaya ake bukata, dorina, kuma muryata ta fi ta Inna kaifi, in na yi kira daga tudun nan har gungu ana ji. Kalmar tana bakina. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Harshena ya yi nauyi, na tsaya ina kallo kamar gunki. Inna tana ta maimaita banga, banga, tsoro ya kulle ta a harshen uwarta, sauran matan da ke can ƙasa da mu suka taso suna ihu kowa da nata, hayaniya ta haɗe ba a jin komai.

Ba za a ce lokaci bai isa ba. Na sha komawa wurin a raina ina ƙirgawa. Ya yi tuƙi ya kai sau ashirin kafin ya kai kwanar. Har ya buga gefen jirgin sau biyu, yadda aka koya masa.

Ba zan faɗi abin da na gani duka ba. Ruwan ya tashi, jirgin ya ɗaga sama ya rabe, shinkafa ta watsu a kan ruwa. Na ga hularsa. Masunta suka zo da jirage amma ba wanda ya iya matsawa sai da ta janye da ɗanta. Washegari aka same shi can ƙasa, kafin a kai gadar da ake ƙetarawa zuwa ƙasar Benin, ya maƙale a jikin ciyawa.

Masu kula da daji suka zo suka duba wurin suka yi tambayoyi. Samarin unguwa suna ta cewa a kashe ta. Sai da suka gaji, sannan Kaka ya ce ita ba ta san Baba ba, ba ta da wata ƙullalliya da shi, uwa ce ta ga abu ya nufo ɗanta. Na ji haushinsa ranar, har na ƙi kai masa ruwan alwala. Bayan kwana biyu dorinar ta bar reshen da kanta, ba a sake ganinta ba.

Ranar uku 'yan'uwan Baba suka iso daga Karakara, a gabansu yayarsa, wadda muke kira Gwaggo. Doguwar mace ce mai kaifin ido, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Ta zauna a tabarma a tsakar gida cikin mata, ta sha ruwa, ta yi gaisuwa, sannan ta ce a gaya mata yadda aka yi. Ta ce ta ji ana cewa ƙanenta ya yi tambaya kafin ya shiga ruwa, to wa ya amsa masa?

Ina zaune a bayan Inna. Na san tambayar da za ta biyo baya. Wa ke wurin? Ina yarinyar nan mai bakin tsiya da ubanta yake yabo, mai harshe uku?

Inna ba ta bari an kai nan ba. Ta ɗago kai ta ce da Hausarta ta kasuwa, da ƙarfi yadda har mazan da ke zaure suka ji, “Ni ce. Ni ya tambaya. Na ga dorina, na kira shi da Dandanci. Shi ya ji ban ga. Bakina ya kashe shi.”

Mata suka yi ta cewa ta yi istigfari, kwana ne ya ƙare, ba bakin da ke kashe mutum. Gwaggo ba ta ce haka ba. Ta dubi Inna ta ce, “Shekara ashirin kina cin tuwonshi, ba ki iya kiran sunan dabba guda da harshenshi ba.” Ta juya mata baya. Ba wanda ya waiwaye ni.

Abin da ya fi ba ni mamaki, har ya riƙa ba ni haushi, shi ne Inna ba ta bar maganar ta kwanta ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta faɗa masa, ko bai tambaya ba. Ta faɗa wa liman, ta faɗa wa masu sayen kifinta daga Malanville can ƙetaren kogi, ta faɗa wa matan da ba su san Baba ba ma. Har ta fita takaba tana faɗa. A Karakara aka daina kiranta matar wane, sai dai wadda ta ce ban ga. Da aka yi bikin 'yar Gwaggo ba a aiko mata ba. Gaisuwar salla ma ni kaɗai ake aiko wa, ana cewa a gaida marainiya. Ni kuwa ina karɓa ina godiya.

Kuma daga ranar ba ta sake cewa ban ga ba. In ka tambaye ta ko ta ga ludayi, sai ta tsaya ta ce, “Ban gan shi ba,” a hankali, kowane gaɓa a wurinsa, kamar mai taka ƙaya. Duk lokacin da na ji haka sai in tashi in bar wurin.

Na gama kwaleji, na tafi Yamai, na zama malamar lakwal, na yi aure na haihu. Ana yabona da iya bayani. Shekara ashirin da ɗoriya ina ɗauke da abin nan ban gaya wa kowa ba, har mijina. Na bar tsohuwa tana ɗaukar zagi a kan abin da rabinsa nawa ne, ko ma fiye da rabi, domin ita ta yi ihu, ni ce na yi shiru. Sau da yawa nakan shirya maganar a mota tun daga Dosso, in na iso na ga fuskarta sai in tambaye ta ciwon ƙafa. Tsoro nake ji. Ina tsoron ta dube ni yadda Gwaggo ta dube ta.

Da ciwonta na ƙarshe ya yi tsanani na ɗauki hutu na dawo Gaya. Kaka ya daɗe da rasuwa, mangwaron ma an sare. Wata la'asar na fito da ita inuwa, na zauna ina tsince mata shinkafa a faifai. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Na ga in ban faɗa yau ba, to ba ranar faɗa. Na yi mata magana da Dandanci, kaina a sunkuye.

“Inna, ranar nan a tudu. Na gane Baba bai ji ki daidai ba. Tun yana dariya na gane. Da na ce dorina da ya ji ni. Na buɗe baki na kasa.”

Ta leƙa cikin faifan. Sannan ta ce, “Akwai tsakuwa nan gefen yatsanki.” Na cire tsakuwar.

“Na sani,” ta ce. “Kina jikina. Na ji kin ja numfashi za ki yi kira, na ji bai fito ba.”

Na ajiye faifan. Na ce to me ya sa ba ta taɓa faɗa ba, me ya sa ta yi ta shelar kanta a gari kamar mai talla?

“Don kada a tambaye ki,” ta ce. “In na yi shiru za su zauna su yi tunani, su ce ina tafinta. Shekararki sha shida. Ni na riga na yi aurena, na haifi 'yata, abin da za su ce ba zai rage ni da komai ba. Ke kuwa da sun liƙa miki shi, da shi za ki shiga ɗakin miji, da shi za a kira 'ya'yanki.”

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka kawo gawar Baba. Na ce zan je Karakara in gaya wa Gwaggo gaskiya, a wanke ta tun tana da rai. Sai ga tsohuwar da ba ta iya ɗaga kofi ta damƙe wuyan hannuna har na ji zafi.

“Kul,” ta ce. Wannan da Hausa ta faɗe shi. Sauran ta koma Dandanci. “Shekara ashirin ina wannan aiki. Kada ki ɓata mini shi.”

Bayan kwana tara ta rasu, da safe, ina shafa mata mai a ƙafa.

Gwaggo ta zo gaisuwa. Ban zaci za ta zo ba, ta tsufa tukuf, sai da aka riƙo ta daga mota. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gidan nan, kusan daidai inda ta zauna wancan karon. Ta kama hannuna ta yi addu'a mai tsawo, ta ce Allah ya jiƙan uwata, mace ce mai haƙuri. Sannan ta sauke murya, amma ba yadda matan da ke kusa ba za su ji ba.

“Na yahe mata, ɗiyata. Na daɗe da yahe mata. Ba da gangan ta yi ba, harshe ne ba ta da shi. Da ke ce kika gan ta da hwarko, da yanzu ƙanena na nan.”

Maganar ta taso mini har maƙogwaro. Wannan karon harshena bai yi nauyi ba, da na so da na faɗe ta tsaf da kowane harshe cikin ukun. Wuyan hannuna kawai na duba, inda Inna ta riƙe.

Na ce, “Amin, Gwaggo. Mun gode.” Na tashi na je na ɗebo mata ruwa.